JIJIYAR DA TA YANKE: SHIN TANA GANE HANYAR GIDA?



Mai girma shugaban wannan taro, Sarkin Hausawa da 'yan majalisarsa, iyayenmu malamai, shugabannin mahauta da na 'yan acaba, 'yan'uwana 'yan kasuwa, iyayenmu mata, da sauran jama'a baki ɗaya, ina yi muku barka da zuwa. Ina kuma gode wa kwamitin shirya taro da ya ba ni wannan dama.

Maganar da aka ɗora mini a yau ta shafi jarin talaka, watau hannu da ƙafa. Kowa a nan ya sani, yawancinmu da muka zo ƙasar nan neman abinci ba mu zo da gona ba, ba mu zo da takardar ofis ba, hannu muka zo da shi. Mahauci, ɗan acaba, mai suya, mai shayi, tela, ɗan dako, mai gyaran takalmi, kowa hannunsa ne shagonsa. To, akwai wani rauni da yakan sami irin waɗannan mutane namu, wanda a ido ba shi da girma, amma yana iya raba mutum da sana'arsa har ƙarshen rayuwa. Shi ne yankewar jijiya. Tambayar da nake so mu duba ita ce: idan jijiya ta yanke, likita ya ɗinke ta, ta sake tsirowa, shin kowane zare nata yana komawa ainihin wurin da ya baro? Amsar a taƙaice ita ce, tana tsirowa, amma ba kullum take gane gida ba. Abin da zan faɗa daga nan bayani ne a kan dalilin haka, da kuma abin da ya rage a hannunmu mu yi.

WACE JIJIYA AKE NUFI?

Sai mun fara warware wani ruɗani. Mu Hausawa abu uku muke kira jijiya. Akwai jijiyar jini, wadda in ta yanke jini ke tsartuwa. Akwai irin ta agara, mai tauri, wadda take ɗaure tsoka da ƙashi, mahauta sun fi kowa saninta. Sa'an nan akwai ta uku, fara, mai laushi kamar igiyar auduga, wadda ba ta ɗauke da jini, saƙo take ɗauka. Ita ce ke kai umarni daga ƙwaƙwalwa zuwa tsoka cewa ta motsa, ita ce kuma ke kawo labari daga fata cewa ga zafi, ga sanyi, ga ƙaya. Wannan ta ukun nake nufi. Duk wanda ya taɓa buge gwiwar hannunsa ya ji kamar wutar lantarki ta ratsa har ƙaramin yatsa, to ya gaisa da ita.

Ita wannan jijiya, a ido igiya ɗaya ce, amma a ciki akwai dubban zarurruka sirara, waɗanda ba a ganinsu sai da madubin likita. Kowane zare yana kwance cikin nasa ɗan bututu, an haɗa su dami-dami, sa'an nan an naɗe damman duka cikin riga ɗaya. Ku tuna da babbar wayar tarho ta da, wadda ake binnewa a ƙasa: in aka fasa ta sai a ga ƙananan wayoyi birjik, kowace da gidan da za ta. Haka jijiya take. Wani zaren tsokar babban yatsa zai je, wani fatar kan manuniya, wani kuma aikinsa kawai ya sa tafin hannu ya yi gumi. Tushen kowane zare kuwa yana can cikin laka ko a gefenta, cikin ƙashin baya. Zaren da ke zuwa yatsan ƙafa yakan kai kusan mita guda a tsawo.

A hannu manyan jijiyoyi uku ne. Ɗaya ta bi tsakiyar wuyan hannu, ita ke ba babban yatsa da manuniya da na tsakiya ji. Ta biyu ita ce ta gwiwar hannun nan, mai kula da ƙaramin yatsa da ƙananan tsokokin da ke buɗe yatsu da rufe su. Ta uku ta zagaya bayan ƙashin damtse, ita ke ɗaga wuyan hannu sama. Biyun farko a wuyan hannu ba su da nisa da fata, shi ya sa wuƙa ko fasasshen gilashi ko bakin kwanon rufi ke saurin samun su.

ABIN DA KE FARUWA BAYAN RAUNI

A shekarar 1850 wani likita ɗan Ingila mai suna Augustus Waller ya yanke jijiyar harshen kwaɗo, ya riƙa duba ta da madubi kowace rana. Sai ya ga ɓangaren da ya rabu da tushe yana ruɓewa ya narke cikin 'yan kwanaki, ɓangaren da ke haɗe da tushe kuwa yana nan da rai. Ke nan ko da likita ya ɗinke jijiya a ranar da ta yanke, zarurrukan da ke gaba sun riga sun tafi. Ɗinkin jijiya ba kamar haɗa wayar lantarki ba ne, da za a murɗa a kunna fitila ta kama nan take. Abin da ya rage a gaba shi ne bututun nan da babu kowa a ciki, da wasu ƙwayoyin halitta masu hidima, waɗanda ke share tarkace sa'an nan su jeru cikin bututun suna jiran sabon zare.

Daga ɓangaren da ke da rai sai kowane zare ya fara tofo, kamar yadda kututturen darbejiya ke yi in an sare shi. Zare ɗaya yakan fid da tsiro da dama, kowanne yana lalube a gaba. Wani masani ɗan ƙasar Sifen, Santiago Ramón y Cajal, wanda ya sami kyautar Nobel a 1906, ya zana hotunan waɗannan tsirrai da hannunsa. A zanensa ana ganin wasu sun tsallaka sun shiga bututu, wasu sun ɓace cikin tabo, wasu sun nannaɗe kansu, wasu ma sun juya da baya. Wanda ya shiga bututu, sai ya bi shi har ƙarshe, ko da ba nasa ba ne. Nan ne matsalar take, jama'a. Kamar mutum ne ya shiga mota a tasha cikin duhu, bai tambayi inda za ta ba. Duk inda ta tsaya, can ya sauka.

Saurin tafiyarsa kuwa kimanin milimita 1 ne a rana, watau wajen inci guda a wata. Ku riƙe wannan lissafi, za mu dawo kansa.

RAUNI IRI UKU

Lokacin yaƙin duniya na biyu, wani likitan ƙashi a Ingila, Herbert Seddon, ya duba sojoji masu yawa da jijiyoyinsu suka raunata, a 1943 ya kasa raunin kashi uku. Daga baya, a 1951, Sydney Sunderland na ƙasar Ostireliya ya faɗaɗa shi zuwa biyar. Mu ukun sun ishe mu.

Na farko, an danne jijiya ne kawai, zaren bai mutu ba. Misali mutum ya yi barci mai nauyi ya rataya damtse a kan kujera, ya tashi wuyan hannu ya faɗi. Wannan yakan warke cikin kwanaki ko makonni, in ya daɗe wata uku, kuma komai ya koma daidai, domin babu zaren da ya bar gidansa.

Na biyu, an murƙushe jijiya, zaren ya mutu, amma bututunsa bai yage ba. A nan kowane zare yana tofowa ne cikin bututunsa na asali, ba shi da wata hanya sai wadda ya sani. Zai ɗauki watanni, amma yakan isa gida daidai. Irin wannan yakan faru a karayar ƙashin damtse, inda wuyan hannu ke faɗuwa, kuma mafi yawansu suna dawowa da kansu.

Na uku, jijiya ta yanke gida biyu, riga da dami da bututu duka. Shi ne aikin wuƙa da adda da gilashi. Bakin jijiyar biyu sukan janye su bar tazara, in ba a ɗinke ba babu yadda za a yi tsiron ya tsallaka da yawa. In ma an ɗinke, likita rigar waje yake ɗinkewa, ko damman ciki. Babu likitan da zai iya haɗa dubban bututu kowane da ɗan'uwansa.

A shekarar 2002 wasu masu bincike a Amurka sun ga wannan bambanci da idanunsu. Sun yi amfani da wasu ɓeraye waɗanda zarurrukan jijiyarsu ke ƙyalli a ƙarƙashin madubi, ta yadda za a iya bin zare ɗaya. Inda aka murƙushe jijiya, kusan duk zarurrukan sun koma ainihin gurbin da suka baro. Inda aka yanke ta kuwa, sun watsu, kowane ya kama inda ya samu. Gani ya kori ji.

IRIN ƁATAN HANYAR DA AKE YI

Ɓatan iri-iri ne. Zaren motsi yana iya shiga bututun da zai kai shi fata, inda babu tsokar da zai motsa, ya yi tafiyar banza ke nan. Yana iya zuwa wata tsoka dabam, har ma wadda aikinta kishiyar na farko ne, sai mutum ya so miƙe yatsa, mai lanƙwasawa ita ma ta ja, hannu ya ƙage. Zare ɗaya yana iya rabuwa biyu ya kama tsoka biyu, daga nan ba za su ƙara motsi dabam-dabam ba. Zaren ji na manuniya yana iya sauka a yatsan tsakiya, sai a taɓa nan mutum ya ji can. Waɗanda suka rasa bututu gaba ɗaya kuwa sukan dunƙule su zama ɗan ƙullutu a bakin rauni, wanda ko riga ta goge shi sai mutum ya zabura don azaba.

Wani likita a Landan, Henry Head, ya so ya ji abin a jikinsa. Ranar 25 ga Afrilu, 1903, ya sa aka yanke masa wasu jijiyoyin fata a hannunsa na hagu, aka ɗinke. Abokinsa W. H. R. Rivers ya shekara huɗu da wani abu yana gwada hannun da allura da auduga da ruwan zafi da na sanyi a Kambirij, suka buga sakamakon a 1908. Abin da ya fara dawowa cikin watannin farko shi ne wani ji marar daɗi, mai yaɗuwa, wanda sau da yawa a taɓa shi a wani wuri ya ji a wani wuri mai nisa. Jin taɓi mai laushi kuwa sai bayan kimanin shekara guda ya fara dawowa. Wannan fa yanka ne mai tsabta, an ɗinke nan take. To ina ga wanda wuƙar kwata ta sara, ya yi wata biyu yana shafa man shanu?

A fuska ma ana ganin abin ƙarara. Kun san ciwon nan na karkacewar baki, wanda mutum zai kwanta lafiya ya tashi rabin fuska ya saki, mutanenmu su ce iska ce ta shafe shi. Jijiyar fuska ce ta kumbura ta matse cikin ƙashi. Mafi yawa suna warkewa sarai. Amma ga waɗanda abin ya yi tsanani, zarurrukan sukan cuɗe wajen dawowa. Sai ka ga mutum in ya yi murmushi ido ya runtse, in ya ƙifta ido gefen baki ya motsa. Akwai ma wanda zaren da ya kamata ya je wurin yin yawu ya ɓace ya je wurin yin hawaye, da ya fara cin abinci sai hawaye su zubo daga ido ɗaya. Likitoci suna kiran wannan hawayen kada. Wata likita 'yar ƙasar Folan, Lucja Frey, ta bayyana makamancinsa a 1923: mutum ya ji rauni a gaban kunne, wurin da hangum ke kumbura, daga baya in yana cin abinci sai kuncinsa ya riƙa tsatstsafo da gumi. Zaren yawu ne ya sauka a gidan gumi. Babu aljani a ciki, ɓatan hanya ne.

SHIN JIJIYA BA TA DA WAYO KO KAƊAN?

Tana da ɗan wayo. A 1988 wani likitan hannu a Amurka, Thomas Brushart, ya yi gwaji a kan jijiyar cinyar ɓera, wadda ta rabu reshe biyu, ɗaya zuwa tsoka, ɗaya zuwa fata. Ya yanke ta sama da mararrabar ya ɗinke. A makonnin farko zarurrukan motsi sun shiga rassan biyu ba tare da zaɓi ba. Bayan kimanin wata biyu sai ya tarar mafi yawansu suna reshen tsoka, domin zaren da ya aika tsiro ta hanya biyu yakan janye wanda ya je fata, ya bar na tsoka. Amma wayon iyakarsa ke nan. Zaren yana iya bambanta tsoka da fata, bambanta wannan tsoka da waccan kuwa ya fi ƙarfinsa. Kamar baƙo ne da ya gane kasuwa, amma bai gane rumfar maigidansa ba.

A shekarar 2000 kuma masu bincike a Kanada sun gano cewa in aka ba jijiyar ɓera 'yar wutar lantarki, sau 20 a daƙiƙa na tsawon awa ɗaya, lokacin da ake ɗinke ta, zarurrukan sukan yi saurin tsallaka wurin ɗinkin. A 2010 aka buga sakamakon gwada haka ga mutane. Ku lura, wannan a ɗakin tiyata ake yi, a kan jijiyar kanta. Ba shi da alaƙa da na'urar nan mai jijjiga da ake tallarta a tasha.

AGOGO YANA TAFIYA

Yanzu mu koma lissafinmu na inci guda a wata. Daga wuyan hannu zuwa kan yatsa wajen santimita 18 ne, watau kimanin wata shida. Daga wuya zuwa tafin hannu ya kai santimita 70, watau kusan shekara biyu. Ita kuwa tsoka ba ta jira har abada. In ta rasa jijiya sai ta fara ramewa, bayan wata 12 zuwa 18 ta zama tabo da kitse, ko zare ya iso ba zai sami wanda zai tasa ba. Su ma ƙwayoyin hidimar nan da ke jira cikin bututu sukan gaji, bututun ya tsuke. Duk watan da aka ɓata kafin a ɗinke, daga cikin wannan wa'adi aka cire shi.

Wannan ya fi shafar 'yan acabanmu. Mutum ya faɗi a kan kafaɗa, kai ya tafi gefe guda, kafaɗa ta tafi gefe guda, jijiyoyin da suka fito daga wuya zuwa hannu su miƙe har su tsinke, wani lokaci ma su tumɓuke daga laka. Babu jini, ƙila babu karaya, amma hannu ya saki kamar tsumma. Wadda ta tumɓuke daga laka ba ta tsirowa da kanta. Likitoci sukan sa ido kamar wata uku, in babu alamar dawowa, suna son a yi aiki kafin wata shida. Rauni a can sama ya fi muni ta fuska biyu: tafiya ta yi nisa, kuma a can zarurrukan tsokoki dabam-dabam a cuɗe suke, sai sun matso ƙasa suke warewa, don haka ɓatan hanya ya fi yawa.

ABIN DA LIKITA KE IYA YI

Likitan da ya ƙware yana aiki ne da madubi, da zaren ɗinki wanda ya fi gashin kai siranta. Yakan dubi ƙananan jijiyoyin jini da ke kwance a bayan rigar, da fasalin damman ciki, ya daidaita baki da baki don kada jijiyar ta murɗe. In an zo da wuri, fuskokin biyu sun yi kama da juna, daidaitawa na da sauƙi. In an yi jinkiri, dole ya datse tabon da ya taru a kowane baki, tazara ta ƙaru, fuskokin kuma ba su ƙara dacewa ba. A nan sai ya ciro wata jijiyar fata daga bayan ƙwauri ya yi gada da ita. Hanno Millesi na birnin Biyana a Ostiriya ya yi suna wajen inganta wannan dabara, ya nuna cewa gada ta fi a ja jijiya da ƙarfi a ɗinke. Sai dai gada tana da ɗinki biyu, watau mararraba biyu da zare zai iya ɓata.

Akwai kuma wata dabara ta aro. Maimakon a jira zare ya taho daga wuya, sai a ɗauki ɗan dami daga wata lafiyayyar jijiya da ke kusa da tsokar, a haɗa kai tsaye. Tafiya ta gajarta, kuma zaren motsi ne zalla, hanya ɗaya ce gabansa. A 1994 Christophe Oberlin a birnin Faris ya bayyana yadda ake aro daga jijiyar gwiwar hannun nan a kai wa ƙwanji, mutum ya sake iya lanƙwasa hannu ya kai loma baki. Wani lokaci daga jijiyoyin haƙarƙari ake aro. Irin wannan majiyyaci da farko in ya yi tari ko dogon numfashi sai hannu ya motsa, sai a hankali ya koyi raba su.

SAURAN AIKI NA ƘWAƘWALWA NE

Wannan ya kawo mu ga abin da ya fi ba ni sha'awa. Tun a shekarun 1940 Roger Sperry a Amurka ya musanya jijiyoyin ƙafar ɓera da gangan, ɓerayen suka yi ta taka ƙafa a juye, ba su taɓa gyarawa ba. Ɗan Adam ya fi ɓera a nan, yana iya koyo. A cikin ƙwaƙwalwa akwai taswirar hannu, kowane yatsa da gurbinsa. Binciken da aka yi kan birai a shekarun 1980 ya nuna cewa bayan murƙushewa taswirar takan koma yadda take, amma bayan yanka da ɗinki takan dawo a hargitse. Hannu yana aiko da saƙo, sai dai da wani sabon yare.

Mu da ke zaune a nan mun fi kowa fahimtar wannan. Ɗan da aka haifa a Sabo yana jin Yarabanci kamar ruwa, ubansa kuwa ya shekara talatin yana fama da na ciniki kawai. Haka abin yake. Göran Lundborg da Birgitta Rosén na ƙasar Suwidin sun nuna a 2001 cewa yara 'yan ƙasa da shekara 10 sun fi kowa samun dawowar ji bayan ɗinkin jijiya, daga nan abin ya yi ta raguwa, kamar dai yadda koyon harshe yake. Amma babba ma yana koya in ya dage. Masu gashin ƙashi suna koyar da shi: ka riƙe makulli, ko kwabo, ko goro, ko auduga, ka shafa ido buɗe, ka rufe ido ka sake shafawa, ka buɗe ka duba. Sau da yawa a rana, wata da watanni. Ido ne ke yi wa ƙwaƙwalwa tafinta har ta gane sabon yaren.

ABIN DA YA RAGE NAMU

Na farko, duk wanda ya yanke a wuyan hannu, ko sangali, ko yatsa, kafin a ɗinke fata a gwada shi. Ya rufe ido a taɓa kan kowane yatsa. Ya haɗa babban yatsa da ƙarami. Ya buɗe yatsu ya rufe. Ya ɗaga wuyan hannu. In ɗaya ya gagara, ko wani yatsa ya mutu ba ya jin komai, ko fatarsa ta bushe ba gumi, to a ɗauka jijiya ta yanke. Ɗinke fata a kemis ya tsayar da jini ne kawai. Yanka mai tsabta an fi son a gyara shi cikin 'yan kwanakin farko.

Na biyu, a nemi inda ake wannan aiki, domin ba kowane asibiti ba ne. A tambayi sashen tiyatar hannu ko na gyaran fata a manyan asibitoci, irin su asibitin koyarwa na UCH a Ibadan, da asibitocin ƙashi na tarayya da ke Igbobi a Legas, da Inugu, da Dala a Kano. Matambayi ba ya ɓata.

Na uku, ina roƙon iyayen gida da shugabannin sana'a. Al'adarmu ce in yaro ya ji ciwo a haɗa masa kuɗin mota a ce ya tafi gida a yi na gargajiya. Niyyar mai kyau ce, amma a raunin jijiya watannin nan da zai yi a ƙauye su ne jarinsa. Masu ɗori suna da saninsu a kan ƙashi, ba mu raina su ba, amma jijiyar da ta rabu biyu sai an buɗe an gani. Kuma karan ɗori in ya matse, shi kansa yana kashe jijiya da tsoka. In yatsu suka kumbura, suka yi sanyi, ko suka mutu, a kwance nan take a tafi asibiti. Kuɗin motar nan da muke haɗawa, mu fara kai shi wurin likita da su.

Na huɗu, iyayenmu mata, a kula da allurar ɗuwawu ga yara. Babbar jijiyar ƙafa ta nan ta bi, allura in ta same ta ƙafar yaro tana iya faɗuwa ya riƙa jan ta. Kada a bar kowa ya yi wa yaro allura sai ma'aikacin lafiya da ya koya.

Na biyar, hannun da ba ya ji ba ya kare kansa. Mai suya da mai shayi su yi hattara da wuta da ruwan zafi, a riƙa duba fatar kullum. A kuma riƙa motsa gaɓoɓin kamar yadda masu gashin ƙashi suka nuna, don kada jijiya ta iso ta tarar yatsu sun sandare. Taba sigari da ciwon sukari da ba a kula da shi ba suna rage saurin warkewa.

Na shida, haƙuri tare da sa ido. Likita yakan ƙwanƙwasa hanyar jijiya da yatsa, inda mutum ya ji zir kamar lantarki, nan tsiron ya kawo. Jules Tinel na Faransa ya bayyana wannan alama a 1915. In wurin yana matsawa gaba wata bayan wata, tafiya na kyau. In ya tsaya wuri guda, a koma wurin likita, kada a zauna jira. Sannu ba ta hana zuwa, amma fa ga wanda yake kan hanya.

Jama'a, kada wanda aka ɗinke wa jijiya ya sa ran hannu zai koma kamar ba a taɓa shi ba, musamman in babba ne. Kada kuma ya yanke ƙauna. Tsakanin hannun da ya mutu da hannun da zai riƙe wuƙa, ya kama kan mashin, ya ƙirga kuɗi, akwai tazara mai yawa, kuma abin da ke raba su sau da yawa shi ne saurin zuwa da dagewa wajen motsa jiki. Ina roƙon kowane shugaban sana'a da ke nan ya isar da wannan ga yaransa a kwata da tasha da kasuwa, tun kafin abin ya faru.

Allah Ya kare mu daga tsautsayi, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa albarka a sana'o'inmu.